Wayar Hannu da Bashin Bijimai

'Yan'uwa fatake, wayar da muka saya a Nyohini a 2021, mai matsakaicin kuɗi, har yau tana aiki. Ta sha ƙurar kasuwar Pouytenga, ta faɗo daga tirela sau biyu a hanyar Kumasi. Batir kaɗai muka sake, a shekara ta uku.

To, amma ranar da ta ɗauke a iyakar Paga, wallahi gumi ya karyo mana. Bashin bijimai 11 da muke bin mahauta, duk lissafin yana cikin saƙon murya na WhatsApp, ba shaida ko ɗaya! Ashe ƙura ce ta toshe bakin caji, mai gyara ya share. Tun ranar, kowane ciniki sai ya shiga littafi.