Tsohuwar Bindiga a Yaƙin Zamani: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Tun da hotunan yaƙin Yukiren suka fara yawo a shekarar 2022, aka ga waɗansu mazajen da aka tara daga yankin Donbas riƙe da bindigar Mosin, wadda daular Rasha ta fara bai wa askarawanta tun 1891, sai zantuttuka suka yawaita a majalisu, kowa yana ba da fatawa gwargwadon abin da ya ji, har ya zama wajibi a tsaya a rarrabe sahihi da ƙage.

Masu cewa tsohuwar ƙira ta zama kayan tarihi sun yi gaggawar hukunci. Harsashin da ya fita daga bakin Mosin, ko daga Lee-Enfield ta Ingilishi wadda tsofaffin 'yan sandanmu suka riƙa saɓawa, yana tafiya nesa da ƙarfin da ya zarce na yawancin ƙananan harsasan yau, kuma saboda wannan dalili ne mujahidan Afganistan suka riƙa harbin sojojin Sobiyet da Lee-Enfield daga kan duwatsu bayan 1979. Amurka ma, duk da arzikinta, sai da ta koma rumbu ta ɗauko M14 ta shekarun 1950 ta ɗora mata madubin hangen nesa, domin a kwazazzaban Afganistan abokan gaba sukan tsaya can inda ƙaramin harsashi ke raunana. Kalashnikob kuwa, wadda aka ƙera a 1947, har gobe ita da 'ya'yanta ne ke hannun rundunoni masu yawa. Hatta Maksim mai jigida, irin wadda dakarun Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903, an ga jinsinta a ramukan tsaron Yukiren, saboda ruwan da ke sanyaya bututunta yana ba ta damar yin doguwar wuta ba ta gaji ba.

Amma da'awar cewa ta dā ta fi ta yau ta kowace fuska, wannan ba ta da hujja ko kaɗan, kuma tana da haɗari ga mai gaskata ta. Mosin harsashi biyar take ɗauka, kuma bayan kowane harbi sai mutum ya ɗaga sakata, ya ja ta baya, ya tura, ya kulle, alhali wanda ke fuskantarsa a lungun gari yana da talatin a shirye, yatsansa kawai zai motsa. Haka kuma maganar da ake yi cewa tsohon harsashi yana huda kowane irin sulke ba ta tabbata ba, domin akwai farantan sulken zamani da aka ƙera musamman don tare harsashin babbar bindiga.

Akwai kuma almarar da ta fi kowacce yaɗuwa, wai Kalashnikob ba ta taɓa cijewa. Haƙiƙa an bar sarari tsakanin ƙarafunanta don ƙura da laka kada su hana ta aiki, wannan hikima ce ta maƙerinta. Sai dai idan bututu ya siɗe, ko tsatsa ta ci shi, ko albarushi ya sha danshi a ma'ajiya shekara da shekaru, za ta ƙi tashi kamar kowace bindiga. Sau da yawa abin da ake ɗora wa tsufan ƙira laifin rashin kulawa ne da ƙarancin horo.

Abin da ya fi damuna shi ne, gardamar tana ɗauke hankali daga inda mutuwa take fitowa a yau. A fagen Yukiren, igwa da jirage marasa matuƙi ne ke halaka akasarin waɗanda suke faɗuwa, kuma sojan da ba shi da madubin gani da dare, ba shi da rediyo, ba shi da sulke, ko da sabuwar bindiga aka ba shi, an gan shi tun kafin ya ga kowa. Mazajen nan na Donbas, da yawansu talakawa ne da aka kwaso ba tare da isasshen horo ba, kuma wannan rashi ya fi tsufan Mosin cutar da su.