Kalmomi Ƴan Uwa Masu Ma'ana Dabam a Harshen Ingilishi

Tun daga shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, masu shirya littattafan karatu a ƙasar Nijar sun riƙa dogara ga rubuce-rubuce iri biyu: waɗanda aka yi da Faransanci, da waɗanda aka yi da Ingilishi a kan Hausar Najeriya. Ƙamus na Bargery, na 1934, da na Abraham, na 1949, duk da Ingilishi suke bayyana kalmomin Hausa. Manazarcin da ya yi karatunsa da Faransanci, in ya buɗe irin waɗannan littattafai, yakan tarar da kalmomi masu kama da juna, ko masu kama da waɗanda ya riga ya sani, sai ya ɗauka ma'anarsu ɗaya ce. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi uku da kalmomin Ingilishi ƴan uwa suke rabuwa wajen ma'ana.

1. Kalmar gida da kalmar aro

A shekarar 1066 William, mai mulkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan Faransancin Normandi ya zama harshen fada da na shari'a har tsawon ƙarnuka, talakawa kuma suka ci gaba da harshensu na gado. Da harsunan biyu suka gauraya, sai Ingilishi ya wayi gari da kalmomi bibbiyu a kan abu guda, ɗaya ta gida, ɗaya ta aro. Harshe ba ya ajiye kalmomi biyu su yi masa aiki ɗaya, saboda haka kowace ta kama ɓangarenta.

Saniya mai rai ana ce mata cow, namanta kuwa beef, daga kalmar Faransanci bœuf. Tunkiya ko rago sheep ne, namansu mutton, daga mouton. A Faransanci mouton ya haɗa dabbar da namanta, amma a Ingilishi mutton bai wuce nama ba, domin sheep ta riga ta riƙe dabbar. Ferdinand de Saussure ya kawo wannan misali a darussansa da aka buga a 1916, don ya nuna cewa darajar kalma tana rataye ne ga kalmomin da ke maƙwabtaka da ita cikin harshe.

Hausa ma ta yi irin wannan rabo da kalmomin da ta aro daga Larabci. Roƙo ana yi wa kowa, addu'a kuwa ga Allah kaɗai ake yin ta. Haka kuma sani ya fi ilimi faɗi, gama mutum yakan san hanyar kasuwa ba tare da an kira wannan ilimi ba.

2. Saiwa ɗaya, ɗafa-ƙeya dabam

Hanya ta biyu ta fi shafar ma'aikatan yaƙi da jahilci. Daga kalmar Latin littera, wato harafi, Ingilishi ya sami kalmomi uku. Literate shi ne wanda ya iya karatu da rubutu. Literary abin da ya danganci adabi ne, kamar waƙa da ƙagaggen labari. Literal kuma ma'ana ce ta zahiri, ko fassarar da ta bi kalma da kalma. Sunan aikin kansa, literacy, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya bayyana cikin harshen. Mai fassara da ya rikita literacy da literary zai mayar da shirin koya wa manya baƙi da wasali ya zama shirin nazarin adabi, kuma littattafan da za a buga bisa wannan fassara ba za su amfani manomin da aka yi su dominsa ba.

Haka abin yake ga economic da economical. Ta farko tana nufin abin da ya shafi tattalin arzikin ƙasa, ta biyu kuwa abin da ba ya cin kuɗi da yawa, ko mutum mai tsimi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, wanda ya san makaranta wuri ce, makaranci mutum ne, ko da yake saiwarsu ɗaya.

3. Kamannin Ingilishi da Faransanci

Hanya ta uku ita ce tarkon da ya fi kama ɗan Nijar. A Faransanci lecture karatu ne, shi ne ma sunan darasin farko a aji. A Ingilishi kuwa lecture jawabi ne da malami yake yi gaban jama'a, kuma daga nan Hausar Najeriya ta sami kalmar lacca. Librairie a Faransanci kantin sayar da littattafai ne, amma library a Ingilishi ɗakin ajiye littattafai ne don karatu da aro, wanda Faransawa suke kira bibliothèque, Hausawan Najeriya kuma laburare. Sensible a Faransanci mai saurin jin abu ne a jiki ko a zuciya, a Ingilishi kuwa mai hankali ne. Wanda ya karanta cewa wani shiri yana bukatar library a kowane gari, ya rubuta a rahotonsa cewa a buɗe kantuna, ya canja manufar shirin da kasafin kuɗinsa gaba ɗaya.

Kammalawa

Asalin kalma yana nuna inda ta fito, amma amfani da ita cikin jimla shi ne yake nuna abin da take nufi a yau. Saboda haka ya kamata masu haɗa ƙamus da jerin kalmomin fannu su kiyaye abubuwa uku. Na farko, kada a fassara kalmar Ingilishi zuwa Hausa ta hanyar ƴar uwarta ta Faransanci. Na biyu, kowace kalma a shigar da ita tare da jimlar misali. Na uku, kalmomi masu saiwa ɗaya a jera su wuri guda, domin mai karatu ya ga iyakar kowace da idonsa.