Dundumi: Kalma Ɗaya, Cuta Biyu

A garuruwanmu na kudancin Kano, daga Rano zuwa Kibiya da ƙauyuka irin su Fassi, da an ce yaro yana da dundumi kowa ya gane nufi: da rana yana gani garau, amma da magariba ta kawo jiki sai ya fara lalube yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida. A matsayina na mai nazarin harshe, kalmar ta daɗe tana burge ni, domin ta nuna kakanninmu sun lura cewa ganin dare daban, ganin rana daban. Sun bambanta dundumi da yana da hakiya, har suka ware kalmar garara ga wanda idonsa yake buɗe amma ba ya gani da shi sosai.

Binciken kimiyya ya gaskata wannan lura tasu. Tun a ƙarni na 11, Ibnul Haisam ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga ido. A can ƙuryar ƙwayar ido kuwa akwai wata siririyar shimfiɗa, wato ratina, wadda zan kira shimfiɗar gani. Ƙwayoyi iri biyu ne a cikinta suke karɓar haske: masu siffar sanda, kimanin miliyan 100, su ne na duhu, masu siffar tsinin mazurari, kimanin miliyan 6, su ne na rana da launuka. Aikinsu shi ne mayar da haske saƙon lantarki, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Wannan lantarki ana iya auna shi. A 1865 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Frithiof Holmgren, ya haska idon kwaɗo ya ga na'urarsa ta motsa. Daga baya Ragnar Granit ya rarrabe sassan wannan amsa, George Wald kuma ya gano cewa da sinadarin bitamin A ake gina abin da yake cafke haske a ido. Su biyun tare da Keffer Hartline suka sami kyautar Nobel a 1967. Awon da ya fito daga wannan aiki likitoci na kiransa ERG. Majiyyaci zai zauna cikin duhu na minti 20, a ɗora masa siririyar waya a ido, a walƙa haske, na'ura ta zana amsar da shimfiɗar gani ta bayar. Ba a buƙatar ya ce uffan, don haka ko jariri ana iya auna shi.

A nan ne kalmarmu ta gaza, domin aƙalla cututtuka biyu take rufewa. Na farko shi ne dundumin rashin bitamin A, wanda ya fi kama ƙananan yara, musamman bayan ƙyanda ko gudawa mai tsawo, da kuma mata masu tsohon ciki. Wannan yana warkewa cikin kwanaki idan an ba da sinadarin, amsar lantarkin ma ta dawo. Idan aka yi sakaci kuwa, ido kan bushe, gilashinsa ya lalace, yaro ya makance har abada. Maganinsa yana kasuwar Rano: zogale, alayyafo, karas, manja, mangwaro, ƙwai da hanta. Tun 2002 Nijeriya ta wajabta sanya bitamin A a sukari da fulawa da man girki na masana'anta, ana kuma ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 a makon lafiyar uwa da yaro.

Na biyu dundumin gado ne, inda ƙwayoyin sanda suke mutuwa sannu a hankali, gani ya riƙa tsukewa daga gefe har ya koma kamar leƙe ta kafar gora. Hanta ba ta warkar da shi. Awon ERG kan gano shi tun kafin likita ya ga alama da fitilarsa. Wasu nau'o'insa sai uwa da uba duk sun ɗauko irin cutar, abin da ya kamata gidajen da ake yawan auren zumunci su sani. A 2017 Amurka ta amince da maganin farko na gyaran ƙwayar gado, amma ga nau'i ɗaya tak, da tsadar da ta fi ƙarfin talaka.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Fassi da na'urar da ba ta ƙaramin asibiti ba ce? Ruwansa shi ne tambayar da take kai mutum gare ta. Ma'aikacin lafiya a shagon magani na ƙauye zai iya tambayar uwa: yaron nan yana gani da dare? Akwai mai irin wannan a dangi? Idan an ba da bitamin A dundumi bai tafi ba, kada a ce aljanu ne ko sammu. A tura shi ga likitan ido, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ido na ECWA, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Gano cutar da wuri yana ba iyaye damar tsara karatun yaro da sana'arsa tun gani bai ƙare ba.

Aikin da ya rage mana, mu masana harshe da likitoci, shi ne mu zauna mu tsayar da sunaye biyu, dundumin abinci da dundumin gado, mu sa su a rediyo da littattafan makarantun kiwon lafiya. Uwar da ta san bambancinsu ta san lokacin da za ta nufi kasuwa da lokacin da za ta nufi Kano.