Kwanakin Ɗaukar Ciki: Ba Kowace Mace Ce Ta Rana Ta 14 Ba

Duk wanda ya taɓa zama a benci a sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko a asibitin Jankwano, zai tarar da mata iri biyu a layi ɗaya. Wata ta shekara uku a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, dangin miji sun fara yi mata habaici. Wata kuwa goyo a baya, ga ciki a gaba, jikinta na neman hutu. Bukatunsu sun saɓa, amma tambayarsu ɗaya ce: a cikin wata, waɗanne kwanaki ne ciki ke shiga?

Amsar da ta fi yawo a unguwanni, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, ita ce da zarar mace ta yi wankan tsarki to lokaci ya yi. Waɗanda suka ɗan taɓa karatun boko kuwa sai su ce rana ta 14. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma kowace ta jefa mata da dama cikin kuskure. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna matan da suka san lokacin daidai ba su kai kashi 1 cikin 3 ba.

Tushen lissafin shi ne wannan. Sau ɗaya a kowane zagaye na al'ada jikin mace yake sakin ƙwai, ƙwan nan kuwa ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai. Amma maniyyin namiji yana iya jira a jikinta har kwana 5. Idan aka haɗa, sai a sami kwana 6 kacal: biyar kafin sakin ƙwai, da ranar kanta. Wani bincike da Dokta Allen Wilcox da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1995, bayan sun bi diddigin mata 221, ya tabbatar da cewa duk cikin da aka samu a cikin kwanakin nan 6 ya shiga. Watau jiran sai ƙwai ya fito, sau da yawa makara ce.

To, yaushe ƙwan ke fita? Likitoci biyu ne suka warware wannan a shekarun 1920, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowa a ƙasarsa. Abin da suka gano shi ne ƙwai yana fita kimanin kwana 14 kafin jinin da zai zo nan gaba. Daga gaba ake ƙirgowa baya. Saboda haka rana ta 14 ta mai zagayen kwana 28 ce kurum. Wadda zagayenta ke kai kwana 35, ƙwanta sai wajen rana ta 21 zai fita. In ita da mijinta suka dage a kan rana ta 14, za su shekara suna shuka kafin damina. Wadda nata bai wuce kwana 24 ba kuwa, wajen rana ta 10 ne, kwanakinta na ɗaukar ciki sun soma tun rana ta 5, mai yiwuwa ma jinin bai gama ɗaukewa ba. Irin wannan ce maganar wankan tsarki ta dace da ita. Wilcox ya sake buga wani sakamako a 2000, inda ya nuna kimanin mata 30 ne cikin 100 kwanakinsu ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17, kamar yadda littattafai suka saba faɗi.

A nan akwai abin da matanmu suka riga matan wasu ƙasashe. Mace Musulma tun tana budurwa take ƙirga kwanakin haila da na tsarki saboda salla da azumi. Abin da ya rage shi ne a gyara mafarin ƙirgar. A lissafin likita rana ta 1 ita ce ranar da jini ya fara zuba, ba ranar wanka ba, kuma zagaye yana ƙarewa ne a jajiberin jini na gaba. Kalandar bango da fensir sun isa. Mace ta rubuta har zagaye 6, ta cire 18 daga mafi gajarta, ta cire 11 daga mafi tsawo. Alal misali, in mafi gajarta 26 ne, mafi tsawo 31, to kwanakin da ciki zai iya shiga suna tsakanin rana ta 8 da ta 20. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fito da ita a farkon shekarun 2000, ta wani tsakiya mai kama da carbi, mai ƙwaya 32, wadda ke ɗaukar rana ta 8 zuwa ta 19 a matsayin kwanakin haɗari. Sharaɗinta shi ne zagayen mace ya tsaya tsakanin kwana 26 da 32.

Sai dai kalanda labarin watannin da suka wuce take bayarwa. Jiki ne ke ba da labarin watan da ake ciki, kuma a nan ne garin Jos ke da tasa matsala. Gari ne mai sanyi, a kan tsauni, kuma kalmar "sanyi" ta zama abin da ake ɗora wa kusan kowace larurar mata. Kwanaki kaɗan kafin ƙwai ya fita, bakin mahaifa yana fitar da wani ruwa garau, mai yauƙi da santsi kamar farin ɗanyen ƙwan kaza. Ruwan nan ne ke raya maniyyi ya kuma buɗe masa hanya. Amma mata da yawa da sun gan shi sai hankalinsu ya tashi, a garzaya kemis ko wajen mai maganin gargajiya a sayo maganin sanyi, a yi ta wanki da matsi, a ƙaurace wa miji har a "warke". Ga mai neman haihuwa, ta rufe ƙofa ke nan a ranar da baƙon ya iso. Bambancin a bayyane yake: ruwan cuta yakan zo da wari, ko ƙaiƙayi, ko zafi, ko launin ɗorawa ko kore, shi ne ke bukatar likita. Wasu likitoci mata da miji a Ostareliya, John da Evelyn Billings, su suka mai da lura da wannan ruwa hanyar tsara iyali tun daga shekarun 1950, kuma Cocin Katolika ya daɗe yana koyar da ita ga ma'auratansa.

Ma'aunin zafi ma yana taimakawa, domin zafin jiki yakan ɗan hau da abin da bai wuce rabin digiri ba bayan ƙwai ya fita. Amma tilas a auna kowace asuba kafin a tashi daga shimfiɗa, zazzaɓin cizon sauro ɗaya kuma ya isa ya rikita lissafin wata. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a manyan kemis, wanda ke nuna ƙwai zai fita nan da awa 24 zuwa 36.

Wani abin da littattafan Turai ba su lissafa ba shi ne rabon kwana. A gidan mai mata 4 da ake girki kwana bibbiyu, kowace tana jiran dare 6 kafin nata ya zagayo, daidai tsawon kwanakin ɗaukar ciki. Haka matar direban babbar mota da ke kwasar tumatir a Farin Gada, ko dankalin Turawa daga Bokkos, ya nufi Legas ko Fatakwal ya yi mako bai dawo ba. Irin waɗannan mata ana iya kiransu juya alhali lafiyarsu ƙalau.

Ga masu neman tazara kuwa, kada a ruɗi kai. A yadda mutane ke amfani da lissafin carbin nan, kimanin mata 12 cikin 100 suna ɗaukar ciki a shekara. Mai shayarwa da wadda al'adarta ke rikicewa ba za su dogara da kalanda ba sam. Shayarwa tana karewa ne kawai in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba.

Wadda kuma ta yi shekara guda tana lissafi daidai ba ta samu ba, ko wata 6 in ta haura shekara 35, lokacin zuwa asibiti ya yi. Amma su je su biyu, da kalandarta a hannu, domin a kusan rabin ma'auratan da ake dubawa akan sami matsala ta ɓangaren miji, gwajin maniyyi kuwa ya fi duk gwaje-gwajen mata sauƙi da araha.