Ɗakin gaggawa: Abin da ya sa yaro da tsoho ba sa jure layi

Hausawa na cewa jiki magayi, amma a ɗakin ba da agajin gaggawa na asibiti akwai rukuni biyu da jikinsu ba ya faɗin ciwo yadda aka saba ji: ƙananan yara da tsofaffi. Yaro yakan riƙe ciwo har sai ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya zube lokaci guda. Tsoho kuwa yakan zo da babbar cuta cikin ƙaramar alama, wadda iyali kan ɗauka tsufa ne kawai. Saboda haka ma'aunin da likita ke duba magidanci mai shekara 35 da shi ba ya aiki a kan jaririnsa, ba ya kuma aiki a kan mahaifiyarsa.

Yaro: ciwo mai saurin gudu

Idan yaro ya rasa ruwa ko jini, zuciyarsa kan ƙara sauri, jijiyoyinsa su tsuke, sai awon jininsa ya ci gaba da nuna lafiya alhali yana cikin haɗari. Kafin awon ya faɗi, sau da yawa an makara. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke duba sanyin tafin hannu da ƙafa, da faɗawar idanu, da lotsawar maɗigar jariri, da ko yaron na iya sha ko kama nono.

Numfashi ma da lissafinsa. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ɗaya ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5. Hukumar ta kuma tsara yadda za a tantance yara tun daga ƙofa: mai jijjiga, da wanda ya suma, da mai wahalar numfashi, da wanda gudawa ta ƙarar wa ruwa, ba sa bin layi.

Magani kuma da nauyin jiki ake auna shi, ba da ido ba. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani misali ce: yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Sikeli a ɗakin yara ke nan kayan ceton rai ne.

Ko ƙarin ruwa, da iyaye kan matsa a yi wa ɗansu, yana da haɗarinsa. Wani bincike da aka gudanar kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wanda aka fitar a 2011, ya gano cewa ɗura musu ruwa mai yawa cikin hanzari ya ƙara yawan mace-mace. Binciken bai haɗa da masu gudawa ba, waɗanda ruwan ke ceto. Yaro mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa, don haka a hankali ake ba shi.

Tsoho: babbar cuta, ƙaramar alama

A jikin tsoho alamomi kan dusashe. Bugun zuciya na iya zuwa ba tare da ciwon ƙirji ba, musamman ga mai ciwon suga, sai dai kasala ko haki ko zufa. Ciwon huhu ko na mafitsara na iya kama shi jiki bai yi zafi ba. Abin da iyali za su gani shi ne Baba ya ruɗe tun jiya, ba ya gane mutane, ko ya daina cin abinci. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya alama ce ta ciwo, kuma tana bukatar likita a ranar.

Faɗuwa ma ba abin rainawa ba ce. Santsin banɗaki na iya karya ƙashin ƙugu, buguwar kai kuma na iya sa jini ya riƙa taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, alamar ba ta fito ba sai bayan kwanaki ko makonni, musamman ga masu shan maganin tsinka jini. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, lokaci ne ke raba warkewa da shanyewar ɓarin jiki, domin maganin narkar da gudan jini yawanci cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi.

Ƙodar tsoho ba ta tace magani da saurin ta matashi. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saye a kemis ba takardar likita, na iya lalata ƙoda ko su sa ciki ya zubar da jini. Ƙishirwa ma ba ta damun tsoho kamar da, sai ruwan jikinsa ya ƙare a zafin bazara bai nemi sha ba.

Nauyin da ke kan mai rakiya

Asibitocin koyarwa a Najeriya na da ɗakin gaggawa na yara daban, amma kula da tsofaffi a matsayin fanni na musamman sabon abu ne: sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A yawancin wurare tsoho na zama benci ɗaya da matasa.

Tunda jariri ba ya magana, ruɗaɗɗen tsoho kuma ba zai iya bayani ba, rabin binciken likita na bakin wanda ya kawo su. Ya kamata ya zama mai zama da mara lafiyan, wanda ya san lokacin da ciwon ya fara. A zo da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, da katin rigakafin yaro. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa wani abu.

Rashin kuɗi a hannu ma kada ya hana fita. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili.