Wane irin tamfol ne ya dace da motar a-kori-kura?

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin, motocin a-kori-kura kan yi jigilar amfanin gona zuwa kasuwanni irin su Tsamiya da Lolo.

Kayan da direba ke ɗauka su ne ke nuna irin tamfol ɗin da zai saya.

Na roba yana kare buhunan shinkafa daga ruwan damina, amma yana riƙe zafi, abin da kan ruɓar da albasa. Na yadi mai kauri kuwa yana barin iska ta shiga, sai dai ruwa kan ratsa shi idan ya tsufa.

Kowanne aka zaɓa, ya kamata ya zamo mai sauƙin kwancewa, kasancewar jami'an kwastan kan nemi ganin kayan da aka lulluɓe.