Juyen baƙin mai: mu yi da hannunmu ko mu kai gareji?

Tun da ƙungiyoyinmu suka ɗaga kai daga sayen awaki da buhun gero suka fara sayen inji, wata sabuwar magana ta shigo wurin zubi. Wannan ƙungiya tana da injin niƙa. Waccan ta haɗa kuɗi ta sayi injin ban ruwa don garkar albasa a fadamar Tarka. Wata kuma a Buza ko Tamaske moto ta saya, ta ba wani yaro yana kabu-kabu yana kawo kuɗi duk mako. Bayan isansi ko gazuwal, duk waɗannan ƙarfuna suna buƙatar baƙin mai, kuma dole lokaci-lokaci a zubar da tsohon a zuba sabo. Masu gyara na nan suna ce ma wannan aiki bidanji, na ƙetaren iyaka suna cewa juye. Gardamar ita ce, wa ya kamata ya yi shi: mu, ko mai gareji?

Lokacin da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da aka fi tsarewa shi ne akwati. A buɗe shi gaban kowa, a ƙirga gaban kowa, a rufe gaban kowa. Har yau dala ɗaya ba ta fita ba tare da an yi shaida ba. Amma injin da ya cinye rabon shekara guda, wani ma na shekara biyu, sai mu miƙa ma yaro kuɗi mu ce, "Tahi a canza mai." Babu wadda ta ga kwalbar, babu wadda ta ga an zubar da tsohon, babu wadda ta rubuta ranar. A ganinmu nan ne ɓarakar take, ba wurin kuɗin hannun mai gyara ba.

Bari mu fara da injin ban ruwa, don shi ya fi yawa a Madawa da Keita. Ƙaramin injin isansi irin Honda GX160, da na ƙasar Sin da aka ƙera kamarsa, yana ɗaukar mai lita 0,6, wato rabin lita da ɗan ɗori. Littafin da ke zuwa da shi ya ce idan sabo ne a juye man bayan awa 20 na farko, domin a lokacin ƙarfunan ciki suna gugar juna suna zubar da gari. Daga nan kuma duk awa 100 na aiki, ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Wata 6 ɗin nan shi ke yaudarar mutane. A ce inji yana aiki awa 5 kullum a lokacin ban ruwa: cikin kwana 20 ya cika awa 100. Daga dashen albasa zuwa cirewa, juye biyar ke nan ko fiye. Wadda ke jiran wata 6 ta cika, da man farko za ta ƙare noman rani kaf, cikin ƙurar hunturu, ta shiga zafin bazara da shi.

Mai ba don santsi kaɗai yake ba. Yana kwashe zafi, yana ɗauke datti, yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In ya tsufa sai ya kasa, kuma inji ba ya kuka tun da wuri. Ranar da zai nuna, sai dai a ji ƙara ta canza, ko ya cije ya ƙi juyawa. Mun san wata ƙungiya da hakan ta same ta ana tsakiyar ban ruwa, albasa ta fara ƙwai. Suka yi kwanaki suna hayar injin maƙwabci, shi ma sai ya gama nasa sannan ya ba su, suka kuma ci bashin akwati don gyara. Da mai gyara ya buɗe, abin da ya tarar a ciki ya yi kauri kamar kwalta. Yaron da ke kula da injin ya rantse yana ƙara mai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ƙari ba juye ba ne. Kamar a riƙa ƙara ruwa ne a randar da ba a taɓa wankewa ba.

Yanzu lissafin kuɗi. Kuɗin hannun mai gyara ba shi da yawa, kowa ta sani. Abin da ke da tsada shi ne hanya. A ɗora inji a amalanke ko bayan moto daga garka zuwa cikin gari, a biya kai da kawowa, a zauna jiran layi, ranar kuma babu ban ruwa. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: an sayi lita guda, inji ya sha 0,6, ina sauran? Galibi a gareji yake kwana. Idan ƙungiya ke da kwalbarta, lita 3 tana yin juye biyar cif. Idan ana sayen lita guda kowane zuwa, lita 5 aka biya. Kowace ƙungiya ta buga wannan da farashin kasuwarta ta gani.

Akwai kuma abin da duk macen Adar ta sani. Da an gama girbi maza sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Abijan. Lokacin da injin ban ruwa ya fi aiki, lokacin ne gari ya fi zama na mata da tsofaffi da yara. In muka ce sai namiji ya taɓa inji, to sai ya dawo da damina, lokacin da albasa ta daɗe da barin garka. Wata dattijuwa ta faɗa a wurin taro, ana ta dariya: "Mu da munka ɗauki duwatsu bisa kai lokacin Furoje Keita, noti guda ne za ya gagare mu?" Gaskiyarta. Tun daga 1984 da aka fara wannan aiki, mata ne suka yi mafi yawan ɗaukar dutse da haƙar ramukan tsare ruwa a tuddan Keita. Wanda ya ga wancan aiki ba zai ce hannun mace bai iya riƙe kile ba.

Ga yadda ake yi. A tada inji ya yi ɗan zafi, minti kaɗan, don mai ɗumi ya fi saurin fita da dattinsa. A kashe, a cire hular buji don kada ya tashi da kuskure, a rufe isansi, a aje shi wuri mai daidai. A goge kewayen marfin mai tukuna, kada rairayi ya faɗa ciki. A tara kwano, a buɗe marfi, a kwance notin ƙasa da kile daidai kansa. Ba da fensa ba, ba da guduma ba. A bari ya tsiyaye duka, a ɗan karkata injin. A maida noti tare da ɗan zoben da ke ƙarƙashinsa. A nan ne ake ɓarna: jikin injin sanholo ne, yana da taushi, in aka matse da ƙarfin daka sai zaren ya cinye, mai ya riƙa ɗiga, kuma wannan gyara sai gareji. Ya kama da kyau, shi ke nan. Sai a zuba sabo da mazurari mai tsabta har ya kawo bakin ramin, kada a karkata inji don ya ƙara ɗauka. Yawan mai ma cuta ne. A tada shi kaɗan, a kashe, a duba ko yana zuba. A yi hattara da bututun hayaƙi, yana ƙuna.

Tun da an zauna, a duba matatar iska. Littafin ya ce duk awa 50, kuma a wuri mai ƙura a fi haka yawaita. Mu kuwa ina ne ba mai ƙura ba? In ta soso ce a wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata sabon mai a matse. In ta takarda ce a kakkaɓe kawai. Ƙurar da ta wuce matata, cikin mai take ƙarewa.

Ba muna cewa a bar masu gyara ba. Ƴaƴanmu ne da ƙannenmu da surukanmu, kuma mai gyara na kirki yana jin ciwon inji da kunne tun kafin ya taɓa shi. Wannan ba mu da shi. Idan tsohon mai ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Idan ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinsa, wani abu na cinyewa. Idan yana warin isansi, ko yana ƙaruwa da kansa, ko yana raguwa da sauri, ko inji na fidda hayaƙi mai shuɗi, kada a ce bari a gama ban ruwan yau. A kashe a kira mai gyara. Shawarar da ta fi yi mana amfani ita ce a biya shi sau ɗaya ya zo garka, ya yi juye gaban mata biyu da ƙungiya ta zaɓa, karo na biyu su yi yana kallo. Mata biyu, don ɗaya tana iya haihuwa ko tafiya biki. Wanda ya ƙi koyarwa, a nemi wani.

Injin niƙa na gazuwal maganarsa daban. Ya fi cin mai, man da yake so daban ne, wani yana da matatar mai da ake wankewa ko canzawa, ga garin hatsi da ke tashi yana shiga ko'ina. Man injin gazuwal yana yin baƙi da wuri, saboda haka launi ba shi ne ma'auni ba, awa ce ma'auni. A nan mun fi son mai niƙa ko mai gyara ya yi aikin, amma ƙungiya ta sayo mai da kanta, wata daga cikinmu ta tsaya har a gama. Kuma don Allah, ƴan uwa, duk wadda za ta matsa kusa da injin niƙa yana aiki ta ɗaure hijabinta da bakin zanenta. Bel ba ya jiran a ce wayyo.

Moto kuwa, tana ɗaukar kusan lita guda, kuma da kilomita ake auna ta. Juyenta ba wuya, yaran kabu-kabu da yawa sun iya. In sabuwa ce a tambayi mai sayarwa tun ranar ciniki ko yana da sharaɗin a riƙa kawo ta wurinsa, kada daga baya ya ce an taɓa ta ba ruwansa. In agogon kilomita ya mutu, kamar na yawancinsu, a yanke rana a kalanda, yaro ya kawo moto gaban ma'ajiya a yi a nan.

Sayen man kansa yana son ido. Akwai wanda ake sayarwa a buɗaɗɗun kwalabe bakin hanya, ba suna ba hatimi, kuma ba mu da hanyar sanin ko sabo ne ko tsoho ne aka tace. Har a cikin galan mai suna ana samun jabu. Araha ba ta ado. A sayi wanda marfinsa bai taɓa buɗuwa ba, wurin mai shagon da za a iya komawa gobe a same shi. A karanta lambar da ke jiki, irin su 20W-50 ko 15W-40 ko SAE 40, a gwada da abin da littafin inji ya ce, kuma in an samu wanda ya dace a zauna kansa. Wanda aka rubuta ma 2T na gauraya da isansi ne a wasu injuna, ba a zuba shi inda ake zuba baƙin mai. Na moto irin tamu 4T ake rubutawa. Ga amfanin yaƙi da jahilci a fili: wadda ta iya karanta lambar waya ta iya karanta wannan.

Tsohon man da aka juye, kada a zubar da shi a garka. A Tarka da Magiya ruwa yana kusa, rijiyoyin garake gajeru ne, abin da aka zuba a ƙasa yana iya komawa inda muke ɗiba mu sha, mu ba albasa. Kada a shafa shi a ƙazuwar akuya ko gyambon jaki kamar yadda wasu ke yi, kada a hura wutar tuwo da shi, kada a zuba shi a kwalbar lemo inda yaro zai gani. Yana da guba, kuma yawan taɓa fata ba shi da kyau. A wanke hannu da sabulu da an gama. A tara shi a galan mai marfi, a rubuta a jiki, a kai ma masu gareji in an shiga gari.

Saura littafi. A ware shafi guda a bayan littafin zubi a sa mashi suna shafin inji. Duk wadda ta yi ban ruwa ta faɗi awa nawa injin ya yi, sakatariya ta rubuta. Inda babu agogo, daga hantsi zuwa azahar ma lissafi ne, ko a ƙirga tanki nawa ya sha. Ranar juye a rubuta kwanan wata, irin man, wadda ta sayo, wadda ta yi ko ta tsaya, da abin da ya rage a galan. Kuɗin mai kuma ya samu kasonsa daban, ana cirewa daga abin da injin ya kawo kafin a yi maganar riba, kada a taɓa kuɗin taimakon haihuwa da rasuwa dominsa. A karanta shafin inji a wurin zubi duk mako, bayan an ƙirga akwati, kafin a fara ba da bashi.